Ta yaya za mu sanar da iyalai marasa ƙarfi zancen awon yara?

Hajiya Rabi, Garin Malam:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta mata na shirin shiga gida-gida kan awon yara. Yawancin iyaye ba su kai yaro likita sai ya kwanta. Me za mu faɗa musu, kuma daga ina za mu fara?

Malam Isuhu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ku fara da zancen kuɗi, shi ke tsayar da su. Tun 2006 aka mayar da kula da yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta a likitocin gwamnati. Sai dai kada ku yi alkawarin magani, don wani lokaci yakan yanke. Kafin ku fita, ku je wajen majon CSI, wato shugaban ƙaramar likitar yankinku, ku tambayi ranakun awo da na rigakafi. Kwalbar allurar BCG (rigakafin tarin fuka) da ta ƙyanda ta yara da yawa ce, ba kullum ake buɗe ta ba. Uwar da ta bar sana'arta ta zo aka ce ta dawo jibi, da wuya ta dawo.

Malama Zuwaira, Birni:
Hajiya, ku koya wa iyaye mata awon dantse da kansu, da igiyar awo mai launin ja, rawaya da kore. An gwada haka a gundumar Mirriah, kuma mata sun iya. Ana auna yaro daga wata 6 zuwa 59, a tsakiyar dantsen hagu, babu riga, hannu a sake. Ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, a tafi likita ranar. Rawaya ma a kai shi. Inda ake kuskure shi ne jan igiyar da ƙarfi ko barinta sako-sako. Sannan a danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa daƙiƙa 3. In rami ya tsaya, likita nan take, ko da igiyar ta nuna kore. Wannan kumburin ne ake ɗauka ƙiba ce, abin na ci mini rai.

Malam Isuhu:
Kada ku manta maigida, shi ke ba da izinin fita. Mai unguwa da liman su ne hanyarku gare shi. Ku duba karne kuma: ranar komawa da Faransanci take, ku faɗa wa uwa da baki. Ranakun rigakafi a shekarar farko: haihuwa, sati 6, 10, 14, sai wata 9. Bitamin A duk wata 6.

Malama Zuwaira:
Da damina masu raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na zagayawa kowane wata, don yara daga wata 3 zuwa 59. Na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage uwa ce ke bayarwa, kuma nan ake sakaci don yana da ɗaci. Ku koma gidajen a rana ta biyu da ta uku ku tabbatar an ba yaro.