Asalin imani a mahangar juyin halitta: da me zan fara?

Bilkisu: Assalamu alaikum. Ina neman abin karantawa kan yadda masana juyin halitta ke bayanin asalin addini. Ta ina ake shiga?

Malam Habibu: Wa'alaikumus salam. Ki fara raba su gida biyu, in ba haka ba za su rikita ki. Gida na farko suna cewa ƙwaƙwalwa ce ke saurin zaton akwai mai rai a bayan kowane motsi. Mutum ya ji ciyawa ta motsa, sai ya gudu. In iska ce bai yi asarar komai ba, in zaki ne ya tsira. Daga wannan ɗabi'ar, a cewarsu, imani da masu rai da ba a gani ya samo asali. Littafin Pascal Boyer na 2001, Religion Explained, ya isa mafari, sannan rubuce-rubucen Justin Barrett. Gida na biyu suna cewa addini ya ɗore ne saboda yana haɗa kan baƙin juna. Nan sai Big Gods na Ara Norenzayan, 2013.

Dakta Zainab: A gida na biyu ki ƙara da Richard Sosis. Ya bi tarihin ƙauyukan zaman tare da aka kafa a Amurka a ƙarni na 19, ya ga na addini sun fi daɗewa, kuma tsananin ƙa'idoji yana ƙara musu kwana, amma bai ƙara wa waɗanda ba na addini ba. Sai dai ki kiyayi maƙalar nan ta mujallar Nature ta 2019 da ta ce allolin hukunci, wato masu hukunta mai mugun hali, sun zo ne bayan manyan dauloli. An janye ta a 2021, domin inda ba su sami bayani ba sai suka ƙirga shi a matsayin babu imanin.

Bilkisu: Na gode Dakta. Kaburburan mutanen dā fa, ba shaidar imani ba ne?

Usman: Nan ne ake yawan wuce gona da iri. Kogon Qafzeh da ke kusa da Nazarat shaida ce mai ƙarfi, an binne mutane kimanin shekara 100,000 da suka wuce, ga jar ƙasa a wurin. Amma labarin cewa an binne gawa da furanni a kogon Shanidar a Iraƙi akwai shakka a kansa, don ana zaton ɓeraye ko ƙudan zuma ne suka kai garin furen. Kuma binne gawa bai nuna abin da mai binnewar ya yi imani da shi ba.

Malam Habibu: Haka ne. Kuma Malama, bayanin yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar imani daban, gaskiyar abin da aka yi imani da shi daban. Barrett kansa Kirista ne, Boyer kuwa ba ya bin addini, amma hujjoji ɗaya suke aiki da su.