Buwat (akwatin giya) otomatik a bashe Land Cruiser 75: wa ya taɓa yi?

Baba Mai Bashe (Tawa): Salamu alaikum 'yan zaure. Gwiwar hagu ta matsa mini, taka ambiriyaj (kulaci) ya zama azaba. Na samu buwat otomatik A440F da aka cire daga tsohuwar Land Cruiser 62 mai esans, mai ita ya ce jikka 350. Bashe ta 75 ce, motar (wato injin) 1HZ ne, dizal. Za su haɗu?

Ɗan Konni: Wa alaikumus salam. Allah ya ba da lafiya, Baba. Da taransifar ɗinta (akwatin da ke raba ƙarfi ga ƙafafun gaba da na baya) ko ita kaɗai?

Baba Mai Bashe: Da shi. Amma kulosh ɗin (ƙoƙon da ke haɗa buwat da inji) na 3F ne, injin esans ɗin 62.

Patoro Garaji (Yamai): To nan gizo ke saƙa, Alhaji. Ramukan kulosh na 3F ba sa faɗawa kan 1HZ. Sai an samo kulosh, kwambatisar (abin da ke maye gurbin ambiriyaj a otomatik) da farantin da ke ɗaure shi ga bilbireken (sandar da ke juyawa cikin inji), duka na dizal.

Direban Abalak: Baba, don Allah ka tsaya ka ji nawa kafin ka fidda kuɗi. Ni an yi mini wannan aikin. Makanikin ya ce ba sai an nemi kulosh ba, zai sa a yanko faranti na ƙarfe a huda. Aka yanko, aka ɗaura. Ranar haɗawa ina tsaye, buwat ta ƙi zama, saura tazara kamar kaurin yatsa, sai ya sa yara su ja ta da bulo. Ashe kwambatisar bai shige cikin famfon man buwat ba sosai. Na ji ƙas. Famfo ya tafi tun mota ba ta tashi ba. Muka sayi wani. Da ta fara tafiya kuma sai mai ya riƙa ɗiga ta gaba, a canza jowan (robar da ke tare mai) ya sake ci, domin farantin nan bai zauna daidai tsakiya ba, kwambatisar yana juyawa a karkace.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne canjin bitas (giya). Buwat ɗin esans an saita ta ne da injin da ke son gudu sama. Dizal ƙarfinsa a ƙasa yake. Sai ka ji mota tana kuka, tana jiran ta biyu, ba ta shiga ba. Kabul ɗin da ke zuwa daga totur shi ma an ɗaura shi da waya a jikin famfon gazuwal, ba a auna ba. Wannan kabul ɗin shi ke ƙara matsin mai a cikin buwat, in ya yi sako-sako fayafayan ciki suna sulɓewa suna ƙonewa. Tsakanin Tabalak da Abalak, da rana tsaka, da kaya, ta saki gaba ɗaya. Na zaro joji (sandar auna mai), man da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi, yana wari. Batir kuma ya yi sanyi, ga mutane sun taru za su tura, ba dama, otomatik ba ta tashi da turi. Daga ƙarshe H55 ɗina, buwat ɗin hannu ta asali, na mayar, kardan biyu (sandunan da ke kai ƙarfi ga ƙafafu) da aka yanke sai da na sayi wasu.

Yaron Patoro: Innalillahi.

Patoro Garaji: Wannan ba laifin buwat ba ne, laifin hannu ne. A440F ba ta da kwamfuta, da mai da kabul take aiki, shi ya sa muke son ta. An sa ta a Land Cruiser 60 mai motar 2H da 61 mai 12H-T, duka dizal.

Bagobiri na Wadata: Ku Zabarmawan Yamai kan kwalta kuke yawo, mi kuka sani ga rairayi?

Patoro Garaji: Bagobiri, ka fara biyan kuɗin bidanj (canjin mai) ɗinka tukuna, sannan mu yi maganar rairayi.

Bagobiri na Wadata: Bawa ba ya bin ubangidansa bashi!

Ɗan Konni: Ku bari mana. Baba, in da ni ne, A442F zan nema wadda ta fito daga Land Cruiser 80 mai 1HZ. Ita an yi ta don wannan injin, ba yanka ba huda. Ka ɗauko komai daga mota guda: kulosh, kwambatisar, faranti, kabul, lebiye (sandar sa giya), taransifar. Amma ta farkon shekarun 1990, domin na baya suna da kwamfuta da wayoyi.

Malamin Lise: Wa ke da damarar (abin tada inji) na Fijo 504 dizal? Ina nema tun makon jiya.

Yaron Patoro: Malam, ka leƙa Feray, kasuwar kayan mota, na ga biyu.

Direban Abalak: Ko wacce aka sa, a ƙara radiyatar mai ta daban a gaba. A zafin watan Afirilu, ƙaramin bututun da ke cikin radiyatar ruwa ba ya isa. Cikin yashi kuma a sa ƙaramar taransifar, kada a bar ta a D tana ta sulɓi. Mai kuma Dexron, ba man buwat mai kauri ba.

Bagobiri na Wadata: Baba, ba ka ɗauki direba kurum? Kuɗin aikin nan sun biya yaro shekara.

Baba Mai Bashe: Ɗana, motata ni nake son tuƙa ta zuwa gona da kaina. Patoro, taraberis (ƙarfen da buwat ke zama kansa) da kardan fa, dole a taɓa?

Patoro Garaji: Dole, Alhaji. Otomatik ta fi tsawo, taransifar zai ja baya, kardan na baya a rage, na gaba a ƙara, kuma a daidaita su kada su yi rawa. Kada ka sayar da H55 ɗin, ka aje ta. Ka aiko mini da hoton lambar da ke jikin buwat ɗin.

Baba Mai Bashe: Bayan la'asar, in sha Allah.

Malamin Lise: Feray ɗin, wane layi?