Zan kai Baba kallon Raptors, wa ya taɓa shiga filin nan?

Maman Ilham: Salam jama'a. Baba ya zo mana daga Zariya, saura sati biyar ya koma, kuma tun da ya sauka ba shi da zance sai ƙwallon kwando, da ƙuruciyarsa ya buga a Samaru, in aka ambaci Masai Ujiri, wanda ya shugabanci ƙungiyar Raptors, sai ya gyara zama ya ce ai ɗan garinmu ne. So nake in kai shi filin Scotiabank Arena ya ga Raptors, ƙungiyar ƙwallon kwandon Toronto, da idonsa. Mu uku ne, ni da shi da yarona mai shekara tara, dala 300 na ware ba ƙari. Damuwata gwiwarsa, da sanda yake tafiya, an ce min matakalar kujerun sama a tsaye take. Daga Brampton za mu taso. In sayi na saman ko in haƙura?

Bakanon Scarborough: Hajiya ki kai shi hoki kawai, wanda ake yi a kan ƙanƙara, shi ne wasan Kanada, ƙwallon kwando ai ko a Sabon Gari ya gani. Filin ɗaya ne, yau Raptors gobe 'yan hoki na Maple Leafs su fito da ƙanƙararsu.

Ummu Hanan: Hoki da dala 300 mutum uku? tikitin Leafs ya fi na Raptors tsada nesa ba kusa ba. Sau ɗaya wurin aikin maigidana suka ba mu kyauta, wallahi har aka tashi ban ga ɗan baƙin faifan da suke bi ba, sai in ji ihu in tashi in taya su

Abu Sadiq: Ni dai shawarata ɗaya, kar ki sayi tikiti hannun mutum. 2019 ne, wasa na bakwai da Philadelphia, na raba gardama, wanda ya faɗi ya fita daga gasar, muna cikin azumi, watanmu huɗu da aure na ce bari in burge amarya. Na samu wani a intanet ya ce matarsa ta haihu ba za su je ba, tikiti biyu dala 400, har hoton jaririn ya turo min. Na tura kuɗi ya turo hoton tikiti. Muka ci ado muka bi layi, muna zuwa ƙofa yarinyar ta ɗora na'ura ta yi ja, ta sake ta yi ja, ta ce min ba a shiga da hoto sai tikitin da ke cikin manhaja. Na kira lambar mutumin a kashe. Muka ce to mu shiga dandalin waje da suke kira Jurassic Park, can ma ya cika tun rana, daga nesa muka riƙa leƙen allo ta tsakanin kawunan mutane, da dabino uku da ruwan roba muka sha ruwa a tsaye. Kuma ranar ce fa Kawhi, tauraron Raptors na lokacin, ya jefa ƙwallon nan ta yi tsalle sau huɗu a bakin kwando ta faɗa, 92 da 90, gari ya rikice kowa na rungumar kowa ni ina lissafin dala 400. Har yau in muka yi faɗa sai ta ce ai kai ne mai sayen hoto.

Bakanon Scarborough: Wasa na bakwai tikiti biyu dala 400? Malam araha ba ta ado, ko Bazazzagi ba zai faɗa wannan ramin ba

Abu Sadiq: Kai da ba ka ga jaririn ba. Kyakkyawa ne wallahi

Zage-zagi 905: Bakano a kiyaye mu, baƙon da ake magana a kansa ubanmu ne. Mu muka ba garin nan kofi a 2019, ku me kuka kawo banda kasuwanci

Bakanon Scarborough: A Ingila aka haifi Masai ɗin naku. Kuma a gaya wa Baba tun Yunin 2025 ya bar Raptors, kar ya je yana leƙen inda zai gan shi

Zage-zagi 905: A Zariya ya tashi, a Zariya ya fara riƙe ƙwallo, magana ta ƙare.

Sani IT: Maganar kuɗi, 300 ta isa har da canji. Na je ranar Talata da wata ƙungiya da ba ta tashe, dala 48 na biya a sama.

Ummu Hanan: 48 a wace shekara? ƙanina ya biya 190 a saman nan dai, ga kuɗin da suke ƙarawa a ƙarshe in ka zo biya

Sani IT: Da wa aka buga? in manyan ƙungiyoyi ne irin Lakers ko Golden State, ko daren Asabar, ai dole. Farashin ba a tsaye yake ba, yana bin wanda ya zo, wani lokacin in wasa ya kusa masu sake sayarwa su karya kuɗi.

Abu Sadiq: Masu sake sayarwa kuma. Na dai faɗa

Sani IT: Yaya kai ko ciki ba ka shiga ba, shawarar ƙofa kawai za ka bayar

Alhaji na Calgary: Yara ku bar gardama, shekarata ashirin da huɗu a ƙasar nan, na ga Hakeem Olajuwon, shahararren ɗan wasan nan ɗan Najeriya, da idona sanye da rigar Raptors a shekararsa ta ƙarshe. Ku tafi da mota ku yi fakin kusa, dattijo ba ya son wahala.

Ummu Hanan: Ranka ya daɗe lokacin sunan filin ma Air Canada Centre. Fakin a tsakiyar Toronto daren wasa zai cinye tikiti guda. 'Yar'uwa ki hau jirgin ƙasa na GO zuwa tashar Union, filin a manne yake da tashar, yaronki ma kyauta ne tunda bai wuce 12 ba. Kar ki ɗauki babbar jaka za su mayar da ke, ki ci abinci a gida, ki tafi da katin banki. Wasan minti 48 ne a agogo amma sai kun yi awa biyu da rabi zaune

Zage-zagi 905: Ko ki kai shi Raptors 905, ƙaramar ƙungiyarsu da ke Mississauga, kusa da ke, arha, yana jin ƙarar takalmansu

Maman Ilham: Na gode, amma babban filin yake so. Gwiwar fa? akwai lif zuwa sama?

Sani IT: Abin da zan ƙara, in kun je kar ki sa hoto a status. Ni na sa, kafin gari ya waye saƙo goma sha ɗaya, ɗan baffana ya ce tunda har kallon NBA, babbar gasar ƙwallon kwando, nake zuwa in taimaka masa da kuɗin Keke Napep

Ummu Hanan: Kai ka samu da sauƙi. Ni hoton dusar ƙanƙara na sa, dusar da Allah ya saukar kyauta, aka turo min lissafin kayan ɗaki. Ba wanda ya taɓa tambaya nawa muke biyan haya

Alhaji na Calgary: Zumunci ne, a riƙa haƙuri. Mu da muka zo da wasiƙa ake roƙonmu

Abu Sadiq: Ni ko shiga ban yi ba amma hoton da muka ɗauka a bakin ƙofa ya ja min kuɗin makarantar yara biyu

Bakanon Scarborough: To Hajiya Baba da kansa zai koma Zariya da labari, ki shirya, duk Tudun Wada sai sun samu lambarki

Maman Ilham: Jama'a lif nake tambaya

Sani IT: Ummu Hanan kayan ɗakin nawa suka ce? ƙanwata ma an sa rana bayan sallah