Wai dole sai rekordbox kafin mutum ya zama DJ na kulob?

Nura: Salamu alaikum manya, don Allah shawara nake nema. Na daɗe ina koyo da manhajar haɗa waƙoƙi ta VirtualDJ a laftof ɗina, yanzu na ɗan tara kuɗi zan sayi kontirola, wato na'urar da ake jonawa a laftof a sarrafa waƙoƙi da ita, kuma ni burina kulob ne, Abuja ko Legas in Allah ya yarda. To jiya wani yake ce min duk wanda ke son kulob manhajar rekordbox ta Pioneer kawai zai koya, sauran manhajojin duk ɓata lokaci ne. Gaskiya ne wannan maganar?

Bashir: Wa alaikumus salam Nura. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Ka shiga babban kulob ko'ina a duniya ka leƙa inda DJ ke tsayawa, abin da za ka tarar CDJ ne na Pioneer, wato injin kunna waƙa na DJ, guda biyu ko huɗu da miksa DJM a tsakiya, kuma waɗannan injinan da rekordbox aka haife su, tun 2009 da CDJ-2000 ya fito tare suka zo. Kana ɗakinka ka zuba waƙoƙi ya auna maka BPM, wato yawan bugun waƙa a minti ɗaya, ka sa kiyu, wato alama, inda kake son shiga da inda za ka fita, ka jera su yadda kake so, ka tura a filash, shikenan. Ranar aiki ka zo da filash biyu a aljihu da hedfon, ba laftof ba caja ba tarin wayoyi. Kuma ɓangaren tura waƙa a filash ɗin kyauta ne ko sisi ba za ka biya ba.

Iliya: Bash ka faɗi rabi ka bar rabi. Wace duniyar kake nufi, Turai? Ni nan Legas wuraren da nake wasa kusan kowa da laftof ɗinsa yake zuwa kuma manhajar Serato ce a ciki, dalili kuwa irin kiɗan da muke yi ne, ba haus ko tekno ba ne da za ka bar waƙa ɗaya ta yi minti shida kana shafa maɓalli a hankali, mu afrobit ne da amapiano da hip hop da tsofaffi duk a dare ɗaya, waƙa ta yi minti ɗaya ka cire ka jefa wata, ana cikin haka wani mai kuɗi ya aiko yaro ya ce waƙa kaza yake so yanzun nan kafin ya fara liƙi. Da laftof haruffa uku zan buga ta fito. Serato tun 2004 da suka fito da Scratch Live masu irin wannan salon suka riƙe shi, har yau ba su sake shi ba.

Sannan maganar cewa CDJ sai da rekordbox ba haka ba ne, kana iya jona laftof mai Serato da wayar USB ka mayar da CDJ ɗin kamar kontirola, HID suke kiransa.

Bashir: Yaya Iliya na san HID, amma ka faɗa masa wahalar ma. Waya ɗaya ga kowane CDJ, wata ga miksa, kuma sai in miksar wurin tana karɓar Serato, sannan lasisinka ya zama na Pro. Yanzu ka ɗauka yaro ne sabo an ba shi minti arba'in kafin babban DJ ya hau, wani na kan wasa, wuri duhu, shi kuma yana laluben bayan miksa yana cire waya yana sa waya, wallahi in sauti ya ɗauke na daƙiƙa biyar manaja ba zai sake kiransa ba. Mai filash kuwa sokawa kawai zai yi a injin da ba ya wasa ya jira lokacinsa.

Sadiq: Ni abin da ke min ciwo yadda kuke tsallake VirtualDJ kamar ba manhaja ba ce. Yaron nan da ita ya koya, hannunsa ya saba. Mu nan Kano da ita muke cin abinci a wajen biki da dina, tana karɓar kusan kowace kontirola, tana yin bidiyo, kuma raba murya da kiɗa nan take da ake ta yayi, wato Stems, tun 2020 take yi, Serato sai ƙarshen 2022 suka kawo nasu. Har turawa a filash don CDJ tana yi. Raini ne kawai saboda kowa da ita ya fara.

Iliya: Sadiq ba wanda ya ce ba ta aiki, tana aiki sosai. Amma tambayar yaron kulob ce. In ka hau bayan wani DJ ko laftof ɗinka ta ba ka matsala aka ce ga ta wani ka ƙarasa, abin da za ka tarar a ciki shi ne zancen, kuma a wajenmu Serato za ka tarar.

Zainab: Bari in sa baki tunda ina Jamus. Manhajar Traktor a nan Balin ake yin ta, kamfanin Native Instruments, kuma ni da ita na koya don ina son tekno, ifek ɗinta da yadda za ka tsara maɓallai yadda ranka ke so babu kamarta a wajena, kuma sau ɗaya kake saya ba biyan wata-wata ba. Amma duk da haka ranar da aka fara ba ni wasa a ƙaramin wuri abin da mai wurin ya tambaye ni shi ne kin zo da filash, ko wurin ajiye laftof babu a teburin. Dole na zauna na sake shirya waƙoƙina a rekordbox. Don haka Nura in kana hangen fita waje ko manyan taruka, maganar yaya Bash tana da ƙarfi ƙwarai.

Nura: To ai kun ƙara rikita ni. Ba zan iya fara da ɗaya in na ga bai yi ba in koma ɗayan ba?

Bashir: Za ka iya, amma ka san inda asarar take. Koyon maɓallai sati biyu ne, duk kusan abu ɗaya suke yi. Abin da ke cin shekaru shi ne shirin da ka yi wa waƙoƙinka, kiyu, girid (layukan da manhaja ke jerawa a kan kowane bugun waƙa), jeri. Serato yana rubuta kiyu ɗinsa a jikin fayil ɗin waƙar, rekordbox kuma a nasa rumbun yake ajiyewa, ɗaya ba ya karanta na ɗaya kai tsaye. Akwai manhaja irin Lexicon da ke kwashe maka daga nan zuwa can amma sai ka bi ka duba. Shi ya sa nake cewa ka fara gina gidanka a inda za ka zauna.

Sadiq: Tunda an zo maganar girid bari in faɗi abin da ba wanda zai gaya maka a bidiyon Turawa. Ko a kulob kake, in a Arewa ne ko Abuja, akwai lokacin da za a ce sa mana namu. To waƙoƙinmu da yawa bugunsu na uku-uku ne irin na kalangu, manhajar kuma huɗu-huɗu take nema, sai ka ga ta rubuta maka BPM da ba shi ba ne, ko rabi ko ninki ko wani abu can daban, ka danna Sync, maɓallin daidaita bugun waƙoƙi biyu, ka ji kiɗa biyu suna faɗa da juna. Tsofaffin da aka ɗauka da makaɗa na gaske kuwa sun fi wuya, don hannun mutum ba inji ba ne, a farkon waƙa suna tafiya a hankali, in ta yi zafi su ƙara gudu, layukan girid ɗin suna daidai a minti na farko zuwa na uku sun zame gaba ɗaya. Wannan ba manhajar da za ta yi maka shi tsaf, sai ka zauna da hedfon ka buga da yatsa ka gyara.

Bashir: Wannan gaskiya ne Sadiq. A rekordbox akwai zaɓin auna waƙa da suke kira Dynamic, an yi shi ne don irin waɗanda gudunsu ke canzawa, yana taimakawa amma sai ka bi bayansa.

Zainab: Traktor ma sai a Pro 4 na 2024 suka kawo girid mai lanƙwasa, da can wahala ce sosai.

Iliya: A Serato kana dasa alama a wurare daban-daban cikin waƙar da hannunka. Amma ni shawarata ga Nura a nan ya koyi haɗa bugu da kunne, ya rufe allon ya saurara, don ranar da girid ya yi ƙarya kunnen ne zai fitar da shi.

Kuma Bash in Serato ɓata lokaci ne me ya sa AlphaTheta, masu Pioneer DJ ɗin da kansu, suka nemi sayen kamfanin a 2023? Sai da hukumar kula da gasar kasuwanci ta New Zealand, inda Serato yake, ta hana a 2024. Ba a zuba kuɗi a kan abin da ya mutu.

Bashir: Ni ban ce ya mutu ba yaya, na ce in ɗaya za a zaɓa don kulob to ga wanda za a zaɓa.

Nura: To maganar kuɗi fa? Don gaskiya biyan dala duk wata ba zan iya ba yanzu, wani abokina ya ce zai sa min na kirak, wato manhajar sata da ba a biya ba.

Iliya: Kar ka soma ƙanena, ina roƙonka. Na taɓa tsayawa kusa da wani yaro da irin wannan ta daskare masa ana tsakiyar rawa, allo ya tsaya cak, waƙa tana maimaita wuri ɗaya, sai da aka kashe laftof aka kunna mutane suna ihu. Ga ƙwayoyin cuta da suke shigowa da su. Kuma ba ka ma buƙata.

Bashir: Ƙwarai. Ka nemi kontirolar Pioneer DDJ-FLX4, ita ta maye gurbin DDJ-400 a 2022. Kana jona ta rekordbox zai buɗe maka ɓangaren wasa ba tare da ka biya ba, har ɗaukar miks ɗinka za ka yi ka tura wa masu kulob, kuma an jera maɓallanta kusan yadda CDJ da DJM suke don hannunka ya saba. Tana aiki da Serato DJ Lite ma kyauta, sai dai Lite ba ya ɗaukar miks, sai ka hau Pro.

Sadiq: Sauran kuɗin kuma ka sa a waƙoƙi masu kyau. Wanda aka turo a WhatsApp ko aka tsamo daga YouTube a waya lafiya lau yake, amma a manyan sifiku za ka ji shi kamar daga cikin gwangwani. MP3 mai 320 ko sama.

Zainab: Filash ɗin kuma ka yi masa fomat FAT32, don tsofaffin CDJ ba sa ganin exFAT, kuma waɗanda suka girmi 2000NXS2 ba sa karanta FLAC. Guda biyu iri ɗaya kullum.

Nura: Na gode manya Allah ya saka da alheri. Abin da na tsayar, zan ɗauki FLX4, in shirya komai a rekordbox, in riƙa taɓa Serato Lite a gefe don kar ya zame min baƙo.

Iliya: Ni dai har yanzu da Serato zan ce ka fara in Legas ka nufa. Amma kafin ka kashe ko naira ɗaya ka je wurare uku da kake mafarkin yin wasa, ka gaisa da DJ ɗin gidan cikin ladabi, ka ga me ke kan teburin, don wasu wuraren ma ba CDJ ba ne, babbar kontirola ce kawai ta gidan kowa ya jona laftof ɗinsa.

Bashir: Wannan na yarda da shi. Nura in ka shigo Abuja ka yi min magana, ka zo ranar Juma'a da yamma kafin a buɗe, ka taho da filash ɗinka mu soka a injin ka ga yadda girid ɗinka zai fito.