Wane littafi zan fara wa ɗana da shi a gida?

Uwar biyu: Salama 'yan uwa, ƙauyenmu wajen Sumaila makaranta tayi nisa, yarona shekara 5, inaso in koyar dashi da kaina amma kuɗin littafai sai a hankali, me zan saya?

Malamar Sande Sukul: Yaya karki wahalar da kanki, nemi littafin labarun Littafi Mai Tsarki mai hotuna, na Hausa, tunda ita yake ji, Turanci ya biyo baya. Shagunan Sabon Gari suna dashi.

Baban Ishaku: Lissafi kam ƙwayar masara ta isa, da allo da alli. Aya ɗaya a sati, Zabura 23 muka fara.

Uwar biyu: Nagode sosai, zan tambayi matar pasto ko tanada tsofaffi.