"Matambayi ba ya ɓata": yaushe ake tambaya, yaushe ake dubawa da kai?

Ƙanin Gida: Jama'a, ku raba mu da yayana. Injin wanki ya ƙi zubar da ruwa, na ɗauko sukurdireba, ya riƙe min hannu wai matambayi ba ya ɓata. Na ce masa ai maganar tana da ƙarashe: sai dai asirinsa ya tonu. Har yanzu fushi yake. Shin karin maganar nan na nufin kada mutum ya taɓa abin da bai sani ba sai ya tambaya?

Mai Alli: Yayanka ya fi ka gaskiya. Aya ta 43 a Suratun Nahli ta ce a tambayi ma'abota sani idan ba a sani ba. Amma lura, ma'abota sani aka ce. Wanda ya tambayi duk wanda ya gifta, wallahi yana ɓata.

Uwar Biyu: Malam, ka tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Kekenta na ɗinki ya fara tsallake ɗinki, ga kayan mutane a hannunta. Ta tambaya kuwa. Wata ta ce mai ne ya ƙare, aka ɗura mai har ya ɓata yadi. Wani ya ce zaren ƙasa ne, aka warware aka sake naɗawa, shiru. Na uku ya ce keken ya tsufa, a sayar. Sai ta sallami kowa, ta zauna gabansa ta ce da ni, "Ke, jiya lafiyarsa ƙalau. Me muka canza tsakanin jiya da yau?" Na ce allura, ni na saka sabuwa. Ta kwance ta ta duba. Allurar irin keken nan gefe ɗaya na gindinta a shafe yake, kuma akwai inda ya kamata ya fuskanta. A juye take, shi ya sa zaren sama ba ya kama na ƙasa. Ta juya ta, keke ya ci gaba da aiki. Tun daga nan duk abin da ya lalace a gidan, tambayarta ta farko ke nan: me aka taɓa na ƙarshe?

Mai Alli: To ai Hajiya, ita ma tambaya ta yi.

Uwar Biyu: Ta yi, amma sai da ta duba tukuna ta san wace tambaya ce za ta yi.

Ɗan Baya: Da masu zuwa mana duk bayan shekara 4 aka ba keken nan, da sun kafa kwamitin binciken allura, a ware kuɗin sabon keke, a ƙaddamar da shi a takarda.

Baƙon Dare: Su ai ba sa tambaya kuma ba sa ɓata, mu da muka bi su ne muka ɓata.

Mai Alli: Ku bar siyasa. Ƙanin Gida, kafin ka kwance komai zare filogi daga wuta, ka duba ko bututun fitar ruwan ya lanƙwashe, ko tsabar kuɗi ta toshe matatar da ke ƙasa. Abin da ya wuce nan na mai gyara ne.

Baƙon Dare: Ni ƙarashen maganar ne ya tsaya min a rai. Wane asiri ne zai tonu? Cewa ba ka sani ba? Wa aka haifa da sani?

Ɗan Baya: A wajenmu ba ma haka muke ƙarasa ta ba. Bari in tambayo tsohuwata in dawo.