Kamfanonin gidan yari ne suka cika kurkukun Amurka da masu laifin ƙwaya?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a wajen suna na ce kamfanonin da ke riƙe da gidajen yari a Amurka su ne ummul'aba'isin yawan ɗaure mutane kan ƙwaya, Alhaji Bala ya ce sam. To ga fili ga mai doki. Kamfanin CCA, wanda aka kafa a Tennessee a 1983, yanzu sunansa CoreCivic, kuɗinsa na shigowa ne gwargwadon kawunan da ke kwana a hannunsa. A 2012 ya aika wa jihohi 48 wasiƙa yana tayin sayen gidajen yarinsu, da sharaɗin kwangilar shekara 20 da tabbacin kashi 90 cikin 100 na gadaje ba za su zauna babu kowa ba. Wanda tuwonsa ke kan cikar kurkuku, yaya za a yi ya so a rage ɗauri?

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam. Malam Sani, ban wanke su ba, lissafinka ne bai fita ba. Kusan kashi 8 cikin 100 kaɗai na fursunonin jihohi da na tarayya ke hannun kamfanoni. Sauran duk gwamnati ke tsare da su. Dokar da ta yi ɓarnar kuwa majalisa ce ta yi ta a 1986, Reagan ya sa hannu, lokacin CCA na ɗan shekara uku. Ita ta ce giram 5 na kirak, wato hodar iblis da aka dunƙule ana shan hayaƙinta, ɗaurin shekara 5 ne dole, alhali mai hodar iblis sai an kama shi da giram 500 kafin ya sha irin wannan ɗauri. Baƙar fata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Sai 2010 aka rage tazarar daga 100 da 1 zuwa 18 da 1. Gwamnati ta cika kurkuku har ya yi amai, kamfani ya zo da kwano ya tara.

Hajiya Rabi: Ni dai ban iya alƙaluma ba, amma na je na gani. Shekarun baya an kai ɗan yayata wani gidan yari na kamfani mai kwangilar tarayya, kan laifin ƙwaya. Tafiyar awa shida muke yi da uwarsa. Wata ziyara muka tarar kumatunsa ya kumbura har ido ɗaya ya kusa rufewa, haƙori ne ya ruɓe. Ya ce takardar neman ganin likita uku ya cika, kullum sai a miƙo masa maganin ciwon kai. Uwar ta ɗora tafin hannunta a fuskarsa, zafi kamar garwashi, gandiroba ya ce ta janye hannu. Ya yi laifi, ba mu musa ba. Amma alƙali ɗauri ya yanke masa, bai yanke masa ruɓewa ba. Da muka je wurin lauya, sai ya ce ƙarar tana da wuya. Har yau abin na ci mini rai.

Barista Hadiza: Allah sarki Hajiya, sannu. Ina ganin a nan ainihin matsalar take, kuma su Malam sun tsallake ta. A 2001 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar John Malesko, fursunan tarayya a hannun wani kamfani, mai ciwon zuciya da aka hana hawa lif aka tilasta masa taka bene zuwa hawa na biyar, zuciyarsa ta buga ya faɗi. Alƙalai 5 cikin 9 suka ce ba zai nemi diyyar take haƙƙinsa na tsarin mulki daga kamfanin ba. A 2012, a shari'ar Richard Pollard, shi ma fursunan tarayya, da ya karye a gwiwar hannu biyu a gidan yarin Taft na Kalifoniya, aka ce ma'aikatan kamfanin ma haka, sai dai ya bi dokar jiha ta sakaci. Ga shi dokar 'yancin samun bayanai ta tarayya ba ta hau kan kamfani kai tsaye ba, ɗan jarida ba zai tilasta masa fito da takardunsa ba. Don adalci, a 1997 kotun ta ce gandirobobin kamfani ba su da rigar kariyar da na gwamnati ke fakewa da ita, don haka fursunan jiha yana da ƙofa.

Malam Sani: Barista, na karɓa. Amma Alhaji, CCA da kansa ya rubuta wa masu hannun jari cewa sassauta dokokin ƙwaya na iya rage masa ciniki. Ka manta alƙalan Pennsylvania biyu da suka karɓi dala miliyan 2.8 suna tura yara wuraren tsaro masu zaman kansu?

Alhaji Bala: Ban manta ba, ɗayansu, Ciavarella, shekara 28 aka yanke masa. Wannan cin hanci ne tsagwaronsa. Ka duba kuma: Biden ya hana Ma'aikatar Shari'a sabunta kwangilolinta da kamfanonin gidan yari a 2021, Trump ya soke umarnin a Janairun 2025. Tsakanin nan, kusan kashi 45 na fursunonin tarayya ba 'yan ƙwaya ba ne har lokacin? Gini kawai aka canza musu.

Hajiya Rabi: Barista, ya fito bara, haƙori huɗu babu. Takardun nan uku yana da kwafinsu. Lokacin shigar da ƙara ya wuce ne?

Barista Hadiza: Wa'adin ya danganta da jihar, Hajiya, a wurare da yawa shekara biyu ne. Ki turo mini hotonsu ta gefe yau, in ga kwanan watan da ke jiki.